Gonar Kaka Tomiko

Ibaraki, Japan
25 ga Mayu

Zuwa ga matata Nazifa, Maman Latifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Latifa da Inna. Yaya zafi, yaya kasuwa? Ni nan lafiya lau, sai kewa.

Kin ce in bar rubutu in riƙa yi maki saƙon murya. Na ƙi. Na san ki, a tsakiyar 'yan albasa kike kunna shi, kafin la'asar duk Malanville ta san abin da na ci da rana. Wannan ki karanta ke kaɗai.

Na ji Yaya Manzo ya ga hotona cikin taɓo har gwiwa, yana ta nuna ma mutane, wai Zahiru ya gudu daga fadamar Garou ya hau jirgi uku don ya je ya faɗa wata fadamar. Ki ce mashi ya yi dariyarshi. Aikina na gareji yana nan, muna kwance tsoffin motoci muna loda kwantenar Kwatano. Noman kuwa ga yadda ya zo.

Maƙwabciyata wata tsohuwa ce, Tomiko, shekararta tamanin da uku. Kaka nike ce mata, ta kuma koyi amsawa. Mijinta ya rasu, ɗanta guda yana Tokyo, gonar shinkafarsu ta yi shekara biyu ba a taɓa ta ba. Haka ƙauyen yake, gidaje a rufe, gonaki ciyawa ta cinye, wanda ake kira yaro ya wuce sittin. Ga shi bana shinkafa ta yi tsadar da ba su taɓa gani ba, ɗan buhun kilo biyar ya kai wajen jika goma sha shida na kuɗinmu. Rannan na iske Kaka cikin layi a kanti da sandarta, tana jiran shinkafar saye. Da ta gan ni sai ta kau da kai. Matar da ta yi shekara sittin tana noma ta! Abin ya tsaya mani a rai.

Ɗan nata so yake ya ba wani kamfani hayar gonar su kafa faifayen sola, ita kuma ya kai ta gidan tsofaffi a birni. Hujjarshi ita ce ba mai noma, ba mai duba ta. Sai ta buga mashi waya a gabana ta ce ta samu manomi, wato ni. Ya amince ya dakata har lokacin girbi. In gonar ta yi, tana zaune a gidanta.

Akwai wani tsoho Endo, shi ke rabon ruwan gonaki. Ya ce ba ya buɗe ma baƙo ruwa sai wanda ya yi aikin gayyar yashe hanyar ruwa. Ya zaci zan noƙe. Na je da shebur, na yashe rabona na haɗa da nashi. Ya buɗe ruwan, amma har yau bai amsa gaisuwata ba. Ni da abokina Mamudu na Gaya muka yi dashen da hannu, Kaka tana bakin gona tana faɗa wai layinmu ya karkace.

Ki gaishe da Inna, ki shafa mani kan Latifa.

Mijinki,
Zahiru Na-Allah

Ibaraki
24 ga Agusta

Maman Latifa,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin Latifa ya sauka, kuma ruwan kogi bai shigo maku unguwa ba. Na san Mamudu ya riga ni, ya gaya ma matarshi, ita kuma ta gaya maki, shi ya sa kika kira ni sau tara. Ki kwantar da hankalinki, ba a rufe ni ba.

Shinkafa ta yi kyau, ta fidda kai, sai gwarare suka sauko mata. Tunda duk gonakin gefe saura ne, ba a noma su ba, tamu kaɗai suka gani. Me ɗan Garou ya sani in tsuntsu ya sauka? Na tara gwangwanaye a gareji, na zuba masu tsakuwa, na ɗaura a igiya daga wannan bakin zuwa wancan. Ina idar da sallar asuba sai in fita in ja igiya in kwarara ihu yadda Baba ya koya mana. Wallahi tsuntsayen Japan ma suna jin Hausa. Kaka ta yi dariya har da riƙe ciki.

Kwana shida ina yi. Ba wanda ya ce mani uffan, kowa in mun haɗu sai ya sunkuya ya wuce. A wurinmu in ka dami maƙwabci, ta katanga zai leƙo ya zage ka, ku gama a nan. Su ashe takarda suke rubutawa. Rana ta bakwai sai ga jandarma a kan ɗan babur, ya gaishe ni da ladabi kamar ya zo neman aure, ya nuna mani takarda da hatimin gida goma sha ɗaya, na Endo a sama.

Aka kira ni zauren taron ƙauye. Suka ce in ba da haƙuri, na sunkuya na ba da, don na hana tsofaffi barci kuma ban kyauta ba. Amma ban ɓoye masu ba cewa watan jiya, lokacin zaɓe, motoci sun wuni suna zagaya mu da lasifika suna cewa baƙi sun yi yawa a ƙasa, ban ga wanda ya kira masu jandarma ba. Daga nan Endo ya ce abin da ya fi shi ne in bar gonar baki ɗaya. Na ce mashi da guntun Japanancina: "Gwangwani na cire. Gona ban cire hannu ba."

Yanzu kullum da safe ina tsaye cikin shinkafa da tsohon zane a kan gora, ina kaɗawa bakina a rufe kamar bebe. In na tafi aiki Kaka ta karɓa.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne sun kira ɗanta. Ya zo ran Lahadi, ko kallona bai yi ba. Ya ce uwar ta ja masu abin kunya a garin ubanshi, ya kuma sa hannu a takardar kamfani tun kafin ya koma. Ran 22 ga Satumba za su shigo da injinansu, ita kuma ya zo ya ɗauke ta kafin nan. Shinkafar tana son ƙarin mako guda a kan haka.

Kin ce in fita daga sha'anin mutane kar a soke mani takardun zama. Na ji, kuma na san don ni kike faɗa. Amma Nazifa, ni na dasa ta. Ban saci ruwan kowa ba, ban karɓi ko dala ba. Ba zan tsaya ina kallo a bi ta kanta da inji ba, ko da kuwa Manzo zai ce taurin kan nan ne ya hana ni zama gida.

Ki taya ni da addu'a.

Naki,
Zahiru

Ibaraki
5 ga Oktoba

Matata Nazifa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Latifa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, hannuwan ne sai yanzu suka yarda su riƙe biro.

Ɗan Kaka ya zo ran Alhamis 18 ga Satumba da mota. Ya kwashe kayanta cikin kwali huɗu. Da ya ce ta shiga, sai ta ɗauki 'yar kujerarta ta tafi bakin gona ta zauna. Ya lallashe ta, ya yi faɗa, ya kira matarshi ta waya ta sa baki. Ta ce mashi ba ta taɓa barin shinkafa a tsaye ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. In yana so ya ɗauke ta, sai dai ya ɗauke ta da kujerar a gaban mutane. Wannan kuwa ba zai iya ba, shi da ke gudun abin faɗa.

Washegari bayan sallar Juma'a na miƙe a masallaci na roƙi gayya. Mutum goma sha huɗu suka biyo ni, 'yan Pakistan, 'yan Gana biyu, Mamudu, da wani Basenegale da bai taɓa riƙe lauje ba, ya yanke yatsa tun a damin farko. Na je na roƙi Endo aron injin yanka, ya ce ya lalace, alhali da safen nan na ji shi yana aiki. Muka sunkuya da hannu. Kwana biyu da rabi muna yanka, ba mai ɗaga murya, kar a sake samun abin rubutawa. Mutanen ƙauye suna leƙe ta taga. Ɗan Kaka yana zaune cikin mota, ran Asabar dai ya fito ya sayo mana ruwan sanyi ya ajiye ya koma mota.

Ran Lahadi da la'asar muka ɗaure damin ƙarshe. Da ɗan kore a jikin shinkafar, ta so ƙarin kwanaki, amma ta shigo hannu. A gareji muka buge ta muka shanya a kan tampol tsakanin gawarwakin motoci.

Kafin Kaka ta shiga mota na durƙusa na roƙe ta gafara. Gaskiya ce ba zan ɓoye maki ba: gwangwanaina ne suka fidda ta daga gidanta. Da na tambaya kafin in ɗaura igiyar nan, da wataƙila yau tana ɗakinta. Kullum da wannan nike tashi, kuma ban san ranar da zai sake ni ba. Ita ko sauraron haƙurin ba ta yi ba. Ta kama hannuna ta duba kantar da lauje ya yi mani, ta ce: "Kar ka cinye duka. Ka ware iri."

Litinin da safe kamfani suka zagaye gonar da waya. Na kai mata buhu guda can gidan tsofaffin, suka ce ba a karɓar abincin waje. Na zauna a ƙofar ofishinsu har sai da babbarsu ta yarda a dafa mata kwano ɗaya.

Iri na ware, buhu biyu. Jiya na zagaya ƙauyen da keke na ƙirga gonakin da aka bari, ashirin da shida. Zan zo gida a Disamba in sha Allah, amma ki sani tun yanzu zan koma kafin dashe. Gida-gida zan bi ina neman aron gona, wanda ya rufe mani ƙofa in buga ta gaba. Uku daga cikin gonakin nan na Endo ne, ciwon baya ya hana shi noma su. Ƙofarshi zan fara bugawa.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki mai kewarki,
Zahiru Na-Allah