Ranar da Gwangwani Ya Daina Tuƙa

Unguwar Rogo, Sakkwato
Ran Asabar

Zuwa ga amaryata Bahijja, wadda Jafar ya ƙwace mini da rana tsaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya kamar yadda kakanki yake nan lahiya lau, in ban da gwiwa da ta ƙi jin magana. Waya kin ƙi ɗauka, shi ya sa na koma takarda, don ita ba ta da wurin kashewa. Dijatu mai nono za ta miƙa miki in ta koma Dundaye.

Na kalli katun ɗin nan da kike zanawa, Jirgin Kilishi, kashi goma cur, a wayar gwaggonki Atika. Kai, jama'a! Shekara arba'in ina dillancin shanu a Kara, ban taɓa zaton jikata za ta loda kilishin Sakkwato a jirgi ta kai shi talla duniyoyin sama ba. Da sunka sauka duniyar masu hamma, inda sarkinsu ya kasa ƙarasa sallama har kasuwa ta watse, na yi dariya sai da hulata ta faɗa cikin kunu. Allah ya yi wa hannunki albarka.

Gwanina dai Gwangwani, mutum-mutumin ƙarfen nan da anka ƙera da tsohon janareto, anka manta ba a sa mishi magana ba sai amsa gaisuwa. Jirgi na cin wuta, a ce, "Gwangwani, yaya?" Ya ce, "Lahiya lau." Hannunshi ya cire ya bi iska, "Lahiya lau." Kuma kar ki yi mini musu, muryarki ce kinka kaurara da na'ura. Ni na yi miki huɗuba, zan kasa gane ki?

Amma ga tambaya. Tun kashi na ɗaya bakinshi bai hutawa, kullum shina taunar ƙusa kamar saniya mai tuƙa. A kashi na tara ya daina. Atika ta ce idona ne, na sa ta maido mini sau uku. Ya daina. A sana'armu, saniya ko ta kai giwa ƙiba, in ta tsaya bakinta shiru, ba mu saye. Mi ya samu Gwangwani?

Ki gaida ɓarawon nan mijinki.

Angonki na fari,
Mode

*

Dundaye
Talata

Zuwa ga Kaka,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na gode ƙwarai. Ina nan lafiya lau, Jafar ma lafiya. Aiki ne ya yi mini yawa, shi ya sa waya take a kashe.

Ka ba ni mamaki, wallahi. Dubban mutane sun yi sharhi a kan kashi na tara, babu wanda ya lura da bakin Gwangwani sai tsohon da ko tabarau ba ya yarda ya sa. Da gangan na yi. Gwangwani mu ne, Kaka. Ka je dubiya asibiti, mutum yana kwance da ƙarin ruwa a hannu, ka gaishe shi ya ce maka lafiya lau. Abin da nake yi wa dariya ke nan. Fasaha ce kawai, kada ka sa wani abu a ranka.

Tunda kai ne babban mai kallona, bari in tsegunta maka yadda zan rufe shirin. A kashi na goma sha biyu za su sauka wata duniya da babu sauti a cikinta. Gwangwani zai zauna bayan wani dutse ya kashe kansa daga maɓallin ƙeyarsa. Hajiya Sadiyatu, shugabar jirgin, za ta tashi da sauran, har tana murna jirgi ya yi sauƙi yana gudu. Ba wanda zai rasa komai. Na gama zanen, saura murya.

A shafa wa gwiwa man zafi. A gaida Gwaggo.

Jikarka,
Bahijja

*

Unguwar Rogo
Ran Laraba

Bahijja,

Sallama dai na yi, amma yau ban tambayar lahiyarki, don na san amsar.

Wanga ƙarshe naki ban saye, ko kyauta. Na farko, kin yi wa Hajiya Sadiyatu ƙazafi. Da shirin ya fara, mace ce da ke auna ma'aikatanta a sikeli kamar tsoka. Ke kinka yi ta gyaranta sannu sannu, har a kashi na bakwai ta juya jirgi, tafiyar wata uku, don akuya guda da anka manta. Na yi tafi ni kaɗai a zaure ranar nan. Matar da ta koma don akuya ita za ta bar Gwangwani bayan dutse? Ba halinta ba ne yanzu. Ba ita ke ganin jirgi zai yi sauƙi ba, mai riƙe da alƙalamin ce.

Jafar ya zo gaishe ni bayan sallar Juma'ar da ta wuce. Ban matsa mishi ba, da kanshi idonshi ya kawo ruwa. Ya ce abinci yadda anka kai miki haka ake ɗaukewa, labule a sake, kuma in ya tambaya ki ce lahiya lau. Tsoro nake ji, Bahijja. Na faɗa miki a fili, tsoron rasa ki nake yi.

Bari ki ji abin da ko babanki bai sani ba. Shekarar da anka yaye ki, na yi wata bakwai ban taka Kara ba. Anka ce wa mutane ciwon baya ne. Bayana garau yake. Ba a yi mini mutuwa ba, ban yi asara ba, haka kawai duniya ta koma mini kamar tuwon da ba gishiri. Ina salla, ina roƙon Allah, ina jin kunyar in ce wani abu na damuna alhali ga rufin asiri. Kakarki Nana Hauwa, Allah ya jiƙanta, ita ta gaji da lahiya lau ɗina. Ta aza mini hula, ta ce in ban tashi ba za ta kira mahauta su ɗauke ni a baro. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar kowane, kuma da magani. Na sha, na yi ta komawa muna magana, ban bar addu'a ba. Ranar da na ji ina marmarin tsire, kuka ta yi.

A Kara ba a tambayar mai saniya ko tana lahiya, bakinta ake dubawa. To ga tambayata: yaushe rabonki da ki ci abu ki ji daɗinshi?

Ran Litinin akwai likitan irin wanga ciwo a asibiti. In kin yarda, ni zan raka ki, da gwiwar da komai.

Kakanki,
Mode

*

Unguwar Rogo
Ran Asabar

Amarya,

Sallama. Kwana uku Dijatu na zuwa hannu wofi, na sha furarta har ta ishe ni don dai in ga ko da takarda ƙarƙashin faifai. Ban yi fushi ba. Na sake kallon kashi na tara. Kin san ko da ya daina tauna, ƙusar tana nan a hannunshi, bai yar ba? Ke kinka zana haka, ba ni ba.

Litinin jibi ce. Na riga na wanke babbar riga.

Mode

*

Dundaye
Lahadi

Kaka,

Ba ni da lahiya.

Ka ga na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba. Rabona da jin daɗin abinci tun kafin azumi. Na faɗa wa Jafar jiya, shi ma zai bi mu.

Ka yi gaskiya a kan Hajiya Sadiyatu. Na zauna in sa mata muryar tafiya, ta ƙi fita daga bakina. Na ajiye wancan zanen. Yanzu za ta zagaya bayan dutsen, ba za ta gaishe shi ba, za ta zauna kusa da shi kawai. Abin da zai biyo baya ban san shi ba tukuna.

Ka zo gobe da safe, ka hau Keke Napep, kada ka ce za ka gwada ƙarfi. Ka taho mini da kilishi, falle ɗaya. Ban yi alkawari ba, amma zan gwada taunawa.

Amaryarka,
Bahijja