Kyandir Ɗin Kaka Urho

Kaka,

Na fita, motar ƙarfe shida ba ta jira. Na ji minsharinki, ban tashe ki ba.

Na tarar ruwan kaji ya daskare kamar dutse. Ɓera ya cinye wayar abin ɗumama shi. Rauha, farar kazar nan taki, sai tsattsagar ƙanƙara take yi, ko ɗigo ba ta samu ba. In suka wuni haka, ba ƙwai kaɗai za mu rasa ba.

Na zuba musu mai ɗumi. Sai na ɗauki kyandir ɗaya cikin huɗun da kika ajiye don kunnawa a kabarin Kaka Urho ran jajibirin Kirsimeti, irin mai kwana uku yana ci. Na kunna, na kifa tukunyar fure a kansa, na ɗora kwanon ruwan a sama. Na share ciyawar da ke kusa, kada ki ce zan ƙona miki gida.

Ki yi haƙuri. Zan kawo wani da yamma.

Abu ɗaya: kada ki je da gatari ki fasa ƙanƙarar. Kwano biyu kika fasa bara, kika ce sanyi ne. Ki leƙa da rana kawai, ki ga ko wutar na ci.

Shekara arba'in mijin naki yana cewa kajin nan sun fi shi gata a wajenki. Yau ga shi har kyandir ɗinsa sun karɓe. In mun je kabarin, ke za ki yi masa bayani.

Aatos