Waken da ke jakar babanki

Amparo,

Kin san abin da matan unguwa ke faɗa, wai in aka cika wa wake barkonon daji, ko kwana uku ya yi a waje ba ya lalacewa. Ban taɓa yarda ba, shi ne na gwada. Shekaranjiya na dafa tukunya guda, na zuba barkono tafi biyu, na bar ta kan murhu cikin zafin nan.

Yau da safe na shinshina, ƙamshi kawai. Na ci cokali huɗu. Babanki ya naɗe sauran a tortiya, gurasar masarar nan, ya jefa a jakar da yake tafiya gona da ita, yana min tsiya: "Malama sarkin gwaji! Haka kakata take yi, kuma sai da ta shekara ɗari." Na ƙyale shi.

Tun ƙarfe tara nake amai. Maƙwabciyarmu Donya Remedios za ta kai ni asibiti.

Kada ki biyo ni. Ɗauki mota ki nufi gona, waya ba ta shiga can. Ƙarfe ɗaya babanki yake cin abinci, kin kuma san ƙoda ɗaya ta rage masa. Ki ƙwace jakar ko zai yi faɗa.

Barkonon bai hana waken lalacewa ba. Warin kawai ya ɓoye.

Mamanki