Rumfar Gilashin Baba Leen

Poeldijk, farkon Fabrairu

Wessel nawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka na jirgi. Yaya teku, yaya ciwon bayan nan? Mu dai lafiya lau. 'Yarmu Fenna ta ce in gaya maka ta iya keke, ƙarya take yi, ni ke riƙe da sirdin. Tunda sabis ɗinku ba ya ɗaukar kiran bidiyo, sai ka haƙura da dogon surutuna.

Akwai maganar da ban so yi ba, amma ka san cikina ba ya riƙe abu. Maganar babanka ce, Baba Leen. Ka tuna gilasan da ya kwaso daga gonar tumatirin da ya yi wa aiki har ya tsufa? To ya haɗa su ya yi 'yar rumfa a jikin bangon kicin ta baya, ya jera shukarsa a ciki. Ɗumi kamar ba lokacin sanyi ba, don bututun tukunyar gas ɗin da ke ɗumama gidanmu yanzu a cikin rumfar yake huci. Wai da gangan ya yi. Haka suke yi a manyan gonaki, hucin tukunya abincin tumatir ne. Da na tambaya sai cewa ya yi, "Ke me kika sani ban da latsa waya?"

Ba wannan ne ya dame ni ba. In ya shiga sai ya ja ƙofa ya rufe, ya daɗe. In ya fito kuma yana tangaɗi, yana dafa bango. Da rana tsaka ya kwanta wai kansa na sara. Jiya ya kira Fenna da sunan marigayiya mamarka.

Ban manta abin da ka faɗa ba ranar da muka ɗauko shi: in ya sake taɓa kwalba, sai gidan tsofaffi. Ni ban ce ya taɓa ba fa. Abin da na gani kawai na faɗa.

Ka kula mini da kanka.
Taka,
Danique

Poeldijk, tsakiyar Fabrairu

Masoyina Wessel,

Ina fatan ka tashi lafiya. Saƙonka ya iso, gajere kamar kullum. Ka ce in samo shaida. Ai nema nake.

Na duba ƙarƙashin katifarsa, aljihun kwat ɗinsa, har cikin takalman robarsa. Babu komai sai alewar tari. Na tambaya a gurup ɗinmu na iyaye mata, ban faɗi suna ba, kada ka damu. Wata ta ce akwai giyar da ba ta wari ko kaɗan, nata uban a kwalbar feshin fure yake ɓoyewa. Na ɗanɗana abin feshin Baba, Wessel. Ruwan taki ne. Kada ka yi dariya.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Ran Lahadi mun wuni gidan ƙanwarsa a garin Monster, mutumin nan garau, har ya cinye kowa a karta. Mun dawo, Litinin ya shiga rumfa, ya fito ya yi amai a bayan gida. To ka gaya mini, ina kwalbar take in ba can ba?

Na hana Fenna binsa ciki. Ta yi kuka, wai Kaka zai koya mata girgiza furen tumatir. Da dare muna cin dankali da kabeji ya tambaye ni dalili. Ban san lokacin da na ce ya hura mini bakinsa ba. A gaban yarinyar. Ya ajiye cokali ya dube ni ya ce, "Tun da aka haifi yarinyar nan ban sake sha ba, 'yar sanda. Zo ki shinshina." Na kuwa je na shinshina. Warin kofi kawai. Bai ƙarasa abincinsa ba.

Ka ce za ka yi magana da gidan tsofaffin nan su turo wata ta gan shi. Raina bai so ba, amma yi ɗin. Ni kaina damuwa ta sa kullum ina kicin kaina na ciwo, ko na buɗe tagar ba ya sauka.

Fenna na gaishe ka da sumba mai majina.
Danique ɗinka

Poeldijk, ƙarshen Fabrairu

Wessel,

Kana lafiya? Mu ma lafiya, dukanmu uku, fara riƙe wannan kafin ka karanta sauran.

Ran Talata Baba ya tafi aski bayan ya gama zamansa a rumfa. Na ce yau sai na tono kwalbar nan. Na kai Fenna maƙwabta, na shiga na rufe ƙofa don kada a gan ni. Ina ta ɗaga buhunan ƙasa. Da na rasa, sai na ɗauki hoto na tura gurup na ce su duba mini inda ban duba ba. Ina tsugune sai na ji ƙasa na juyawa, zuciyata na tashi. Waya ta yi ƙara. Wata mata ce da ban taɓa magana da ita ba, ta rubuta da manyan baƙaƙe: wancan bututun tukunya ne a bango? Fita yanzu, bar ƙofa a buɗe, kira agaji.

Da rarrafe na fita. 'Yan kwana-kwana suka zo da na'urarsu ta gwada iska, tun daga kicin ta fara ihu. Ashe tagar da nake buɗewa don in sha iska cikin rumfar take kallo.

Mai gyaran tukunya ya kashe gas, ya nuna mini bututun. Biyu ne a haɗe: na ciki yana fitar da hayaƙi, na waje yana shaƙo wa wutar iska. Dole bakinsa ya zama a sarari, nesa da taga da ƙofa, ba abin da ya rufe shi. Da Baba ya kewaye shi da gilashi, sai tukunyar ta dinga haɗiyar hayaƙinta, ta koma fitar da gubar da ba ta wari ba ta launi. Ya ce a manyan gonaki sai an tace an auna, ba haka kara zube ba. Ya saka mana ƙararrawa mai kuka in ta ji gubar, ya ce ba mai kunna tukunyar sai an cire rumfar ya dawo ya gwada.

A asibiti aka sa mana iska ni da Baba, gado kusa da gado. Fenna an duba ta, ba komai. Baba ya ce wa likita, "Tunda kun ɗebi jinin, ku duba har da giya. Kuma ku faɗa da ƙarfi, surukata na da ƙarancin ji." Babu ko ɗigo, Wessel. Na ba shi haƙuri ina kuka. Ya ce, "Laifin bututu nawa ne, na kusa kashe ku. Wannan na ɗauka." 

Washegari da kansa ya kwance gilasan, ina karɓa ina jinginewa. Sanyi ya kashe shukar kafin yamma.

Duk ruɗanin nan na manta da matar gidan tsofaffin da ka kira. Jiya ta buga ƙofa, shi ya buɗe. Na rugo ina cewa kuskure ne, an fasa. Ya ce ta shigo. Ya zuba mata kofi, ya miƙa mata gwangwanin biskit, ya tambaye ta ko suna da lambu. Sannan ya tambaye ta ko a can ana laluben aljihun mutum. Ta ce a'a. Ya ce, "To rubuta sunana."

Na roƙe shi har na gaji. Ya ce ni bai riƙe ni a zuciya ba, ai ban san shi ba sai da ya tsufa. Ɗansa da ya san shi, shi ne ya kira matar ba tare da ya tambaye shi ko kalma ɗaya ba.

Ta ce ɗaki zai samu kafin bikin Ista. Ya fara naɗe rigunansa, Fenna na taya shi, ta ɗauka hutu za shi.

Ka hau duk inda sabis yake a jirgin nan ka kira shi yau. Lambarsa, ba tawa ba. In bai ɗauka ba ka sake kira.

Ni ce matarka,
Danique