Jana'izar Madam

Litinin, 10 ga Satumba 1956

Yau na ga abin mamaki a sabon ajin koyon jinya, wanda aka gama yi wa rufin kwano bayan ɗakin wanki na asibiti. Sista Eunice, malamarsu, ta ce in kai ruwa. Ina shiga sai ga mace kwance kan gado, fara fat, ido buɗe ba ƙiftawa. Saura kaɗan in yar da bokitin. Ashe mutum-mutumi ce ta roba da ƙyalle, daga Ingila aka kawo ta. Madam suke ce mata. A kanta suke koyon juya majinyaci da naɗa bandeji. Yaya Lawal na gani durƙushe yana goge mata ƙafa, har da tambayarta ina ke ciwo. Baba kuwa yana can yana gaya wa mutane ɗansa ya kusa zama likita. Na ce, Yaya, yaushe ne ɗaurin auren? Ya harare ni.

Talata, 11 ga Satumba

Na sa wa Madam hular Kato, abokin dakona. Har azahar yana nemanta.

Alhamis, 13 ga Satumba

Dole in rubuta abin da ya faru yau.

Hannun Madam ya farke a kafaɗa. Sista ta ce ni da Kato mu ɗora ta a gadon ɗaukar majinyata mu kai wa Nagoda baduku ya ɗinke, mu rufe ta da farin zanen gado, mu bi ta lungun baya. Ni na ja Kato muka bi babbar hanya. So nake in ga fuskar mutane kawai.

Tela ne ya fara tashi daga kan kekensa yana salati. Sai mahauta. Wani ya tambaye ni ko daga asibiti, na sunkuyar da kai. Kato na ta raɗa min in faɗa musu, na ce bari mu kai kwanar nan. Ban kai ba. Wani dattijo ya zare gadon daga kafaɗata don ya sami ladan ɗauka, wani ya karɓi na Kato, kafin in ankara ana ta karɓa-karɓa, ni ina baya ina bin su kamar kowa. Kuma masallacin unguwarmu suka nufa, inda Baba ke limanci, an idar da la'asar ke nan.

Baba ya fito ya tambayi mamacin wane ne. Aka ce baƙuwa ce daga asibiti, ba a ga danginta ba. Ya ce, "To mu ne danginta." Ya aika a kira matan da za su yi mata wanka, ya ce likkafani yana wuyansa. 

Ana sauke ta, hannun nan ya zamo daga cikin zane ya faɗi ƙasa. Masu riƙe da gado suka sake shi, kan Madam ya bugi dakali ya dare biyu. Ba jini, sai auduga. Wasu sun gudu ba takalmi. Wani daga baya ya ce ai abin wasan 'yan asibiti ne, shi Lawal ɗin Liman ke yi wa wanka kullum.

Baba bai doke ni ba. Ya dube ni, ya shiga gida. Da ma dukan ya yi.

Jumma'a, 14 ga Satumba

Baba ya ce shi bai kai ɗansa hidimar gunki ba. Ran Litinin zai je da ƙafarsa ya taho da Yaya, karatun ya ƙare. Jarrabawarsu ta ƙarshe kuwa watan gobe. Inna ta yi magana, ya ce ta isa. Yaya bai zage ni ba. Yana ninke farar rigarsa ya ce, "Mika'ilu, da ka bari na gama." Na kasa cin tuwo.

Asabar, 15 ga Satumba

Da Sista ta kira ni na ɗauka kora ce. Sista ta ce sabuwar Madam sai ta biyo jirgin ruwa, kafin nan ni ne Madam a ajin maza. Kato har da hawaye don dariya.

Litinin, 17 ga Satumba

Tun safe nake kwance. Sista ta ce yau na faɗo daga itace ne, kai ya fashe, hannu ya karye. Ta sa Yaya ya naɗa, wataƙila don ta san ranarsa ta ƙarshe ce. Ya naɗe min kai har ido ɗaya, ya ɗaure hannun da katako.

Ana cikin haka Baba ya yi sallama ya shigo. Da ya gan ni sandarsa ta faɗi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, yana ta tambayar me ya same ni. Nishi ɗaya zan yi da an daɗe ana ba da labari a unguwarmu Tudun Wada. Har ya zo min wuya. Sai na ji bakina ya ce, "Lafiyata lau, Baba. Koyo suke yi."

Ya zauna kan benci. Sista ta ce wa Yaya ya ci gaba. Da fari Yaya na satar kallon Baba, daga baya ya manta da kowa, ya rataye min hannu a wuya, ya matsa farcena ya duba ko jini na gudu. Baba ya taso ya ja ɗaurin da yatsa, bai motsa ba. Ya tambayi Sista, yanzu da abin can ya fashe, a kan wa za su riƙa koyo? Ta nuna ni.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Wannan dai mai rai ne, na san ubansa. Ku riƙe shi. In da sauran ƙyalle a haɗa da bakin."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi shi kaɗai. Yaya ya juya baya wai yana wanke hannu, ya daɗe wurin wankin nan.

Alhamis, 20 ga Satumba

Kwanciya ba motsi ta fi dako wuya. Sista ta ce horon ya isa, ɗalibai za su riƙa kwanta wa juna. Amma yau ma na je. Irmiya, sabon ɗalibin nan da ya zo daga Kwangila, yana matse ɗauri har yatsu su mutu, kuma 'yan ajinsu kunyar gaya masa suke ji. Ni ba na ji. Shi ke nan dalili, ba wani abu ba. Gobe ƙafa za a karya min.