Rairayin Baba

New Bell, Duwala
14 ga Yuni, 1991

Yaya Sirajuddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali da dukan dangi na Zariya. Ɓoɓɓo direban goro zai kawo maka wannan takarda, domin gidan waya ba abin dogaro ba ne yanzu.

Garinmu yana cikin abin da suke kira ville morte, wato mataccen gari. Daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba mota, sai hayaƙin taya a bakin titi. Kasuwar Marché Congo ma sai Asabar da Lahadi take buɗewa. Ruwa kuma bai ɗauke ba tun farkon wata.

Baba yana nan yadda ka sani. Ɓarin jikinsa da ya shanye bai saki ba, ruwan sanyi yana tayar masa da ciwo, don haka taimama yake yi. Da rairayin nan yake yi, wanda ya ɗebo a tsakar gidan Kaka a Zariya, yake ajiye da shi a daro ƙarƙashin gado. Tun rasuwar Inna ya rage magana, abinci kuwa sai na yi ta roƙo yake cin loma biyu. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

Juma'ar da ta wuce ya ji kukan ɗan kyanwa a kwatar bayan ɗakinsa. Ya ce, "Fauziya, je ki ɗauko shi." Rabon da ya kira sunana na manta. Na tsamo shi duk laka, ido ɗaya a rufe. Baba ya sa masa suna Ɗanjuma. Yanzu ba ya cin abinci sai ɗan kyanwan ya ci, kuma idan ya ci shi ma yana ci.

Matsalar ita ce ƙazanta. Bayan ƙofa, kan tabarma, cikin takalmina, babu inda ya bari. Na zuba masa garin katako a kwali, ya shinshina ya wuce. Na sa an kawo yashi daga unguwar Sodiko, amma a jiƙe yake, ko taka shi bai yi ba. Kai ka yi kiwon kyanwa da ƙuruciya, ka faɗa mini yadda ake yi.

Ƙanwarka,
Fauziya

Zariya
2 ga Yuli, 1991

Zuwa ga ƙanwata Fauziya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri.

Na yi mamaki. Gari yana ci da wuta, mahaifinmu yana kwance, ke kuma tambayarki ta kashin kyanwa ce. Fitsarinsa najasa ne, kuma ɗakin mai salla ba wurinsa ba ne. Ki ba wani maƙwabci shi.

Ga abin da ya fi muhimmanci. Da zarar hanya ta buɗe zan zo in ɗauko Baba. Kin san tun muna yara yake cewa a Zariya yake so a rufe shi, kusa da iyayensa. Ba don haka ba, me zai sa mutum ya ajiye ƙasar gidansu shekara talatin a ƙarƙashin gado? Ki fara haɗa masa kayansa a hankali.

In kuma kin ƙi jin maganata, kamar yadda kika saba, to kyanwa busasshen rairayi mai laushi take so. Ki soya yashin a kasko ya bushe, ya huce. Da ya gama cin abinci ki ɗora shi a kai, ki kama ƙafarsa ta gaba ki tona da ita. Kada ki doke shi, duka ɓuya kawai yake koya musu.

Ki gaida Baba da kyau.

Yayanki,
Sirajuddeen

New Bell
29 ga Yuli, 1991

Yaya,

Salamu alaikum. Na gode da shawara.

Na soya yashin kamar yadda ka ce, har maƙwabciyarmu Inno ta leƙo ta ce, "Ke, yunwar ta kai a ci ƙasa ne?" Na ɗora Ɗanjuma a kai, na tona da ƙafarsa, ya dire ya tafi. Amma daga ranar ƙazanta ta ɗauke a gidan. Na yi murna, na ɗauka ya koyi fita waje.

Jiya na jawo daron Baba zan ɗiba masa a faranti, hannuna ya nutse fiye da kullum. Yaya, a nan Ɗanjuma yake yi. Yana tonawa, ya yi, ya rufe tsaf. Warin man zafi da turaren da nake kunnawa su suka hana ni ji. A duk New Bell babu busasshen rairayi irin wanda ka kwatanta sai wannan, kuma shi ya riga ni ganewa.

Na ƙirga kwana tara. Sau biyar a rana ina miƙa wa Baba farantin, in fita in ba shi wuri. Salla arba'in da biyar ke nan da hannuna na ɓata masa. Ga kuma ƙasar gidansu da ba ya bari kowa ya taɓa.

Ban faɗa masa ba. In na faɗa zai ce a fitar da Ɗanjuma, in an fitar da shi kuma na san zai koma ƙin cin abinci. In na yi shiru, da me zai yi sallar gobe? Ka gaya mini abin yi, ko da faɗa ne.

Fauziya

Zariya
11 ga Agusta, 1991

Fauziya,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ba zan yi faɗa ba. Ke kike wanke shi, ke kike juya shi a gado, ni kuwa shekara bakwai ban ga fuskarsa ba, sai aika umarni a takarda. Na ji kunyar wasiƙata ta baya.

Ki faɗa masa. Sallarsa ce, hakkinsa ne ya sani, kuma abin da aka yi bisa rashin sani Allah ba ya kama bawa da shi. Ɗan kyanwan ki bar shi tukuna.

Na je gidan Kaka na ɗebi rairayi rabin buhu. Ɓoɓɓo zai kawo shi in ya samu hanya. Ki ce wa Baba ina nan tafe.

Sirajuddeen

New Bell
1 ga Satumba, 1991

Yaya Sirajuddeen,

Ina gaisuwa. Ban jira amsarka ba, washegarin ranar da na rubuto maka na durƙusa na faɗa wa Baba komai ina kuka.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ai na sani. Ina kwance ina kallonsa ranar da ya fara shiga." Ya cusa hannunsa mai lafiya ƙarƙashin matashi ya fito da ɗan dutsen niƙan Inna, wanda na yi ta nema ban gani ba. Tun ranar a kansa yake taimama idan na fita. Farantin karɓa kawai yake yi don kada in gane in kori Ɗanjuma.

Na ce, "Baba, ƙasar gidanku fa?" Ya ce, "Shekara talatin ina ajiyarta don in tuna zan koma. Uwarku tana kwance a nan, ina zan tafi in bar ta? Ki fitar masa da daron baranda, nasa ne."

Ya ce in rubuta maka haka: ka zo ka gan shi, amma kada ka zo da niyyar ɗaukarsa. Ya ce kada ka yi jinkiri.

Ƙanwarka,
Fauziya

New Bell
20 ga Satumba, 1991

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu jiya Alhamis bayan azahar, dutsen yana hannunsa. An rufe shi kusa da Inna.

Buhunka ya iso yau da safe. Na ba maza rabi su zuba a kan kabarin, rabin na juye a daro. Ɗanjuma bai sake ɓata ko'ina ba. Amma tun jiya ya ƙi cin abinci, yana zaune a bakin gado yana jiran a fara ci tare da shi.

Ka zo, Yaya. Allah ya jiƙansu, ya haɗa fuskokinmu.

Fauziya