An Gyara Ɗakin Aikinka, Baba

Assalamu alaikum, Baba.

Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba, amma na kasa riƙe labarin, kuma kai ka fi kowa cancantar jin shi.

An gyara ɗakin binciken gawa na asibiti, inda ka tsufa kana taya likitoci aiki. Ka tuna safar hannunka ɗaya tilo, wadda kake wankewa ka shanya, har ranar da wuƙa ta ratsa ta ka kamu da ciwon hanta? Yanzu safa biyu ake sawa, da wata mai kauri a tsakani. Ga takunkumi, ga gilashin kare ido, ga rigar leda da takalman roba har gwiwa. An sa fanka mai zuƙe iska waje. Kowa an yi mishi allurar rigakafi, har mai shara.

Ka san wa ya yi ta sintiri ofis-ofis kafin a amince? Ni ce, Baba. Tun da na gama karatun jinya nake bin maganar, har masinjan ofishin shugaban asibiti ya riƙa ɓuya in ya hango ni.

Abokin aikinka Malam Umaru ya fi kowa gardama, wai takunkumi na hana shi numfashi. Ranar allura kuwa, mutumin da ke buɗe gawa ko gezau, sai ga shi ya runtse ido yana salati. Mun sha dariya.

Makon jiya wuƙa ta suɓuce mishi suna tsakiyar aiki. Ta yanka safar sama, mai kaurin ta tare ta. Ko ƙwarzane bai samu ba. Da la'asar ya zo gida Tudun Wada da ƙullin tsire, ya zauna yana nuna wa Inna tafin hannunshi, yana dariya hawaye na zuba. Inna ma ta yi dariya, irin wadda rabonta da ita tun kana nan.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. A makaranta cewa nake babana direban asibiti ne, don ina jin kunyar aikinka. Ka sani ka yi shiru, ko? Ka yafe mini.

Gobe zan horar da sababbin ma'aikata uku. Kafin in buɗe kwalin kayan kariya, zan gaya musu ko 'yar wane ce ni.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu a Aljanna.

'Yarka,
Hadizatu